Abin Da Ya Fitar Da Ni Daga Gidan Bikin Zainabu

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, domin shi ne wanda na fi jan ƙafa a kansa. Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana. Kuna cewa Umma ta bar gidan bikin 'yarta ana shirin kai amarya, ta tafi wajen ƙwan kaji. Jikokina ma sun tashi da zancen, har ƙaramar cikinsu ta taɓa tambayata wai da gaske ne na fi son kaji a kan Anti Zainabu. Ban yi wa yarinya faɗa ba, ai ba ita ta kar zomon ba, rataya aka ba ta. Gaskiya ne na fita, ba kuwa zan ce ban fita ba. Amma rabin labari kuka riƙe, kuma tun da Allah ya ara mini kwana, gara in ba ku ɗaya rabin da bakina.

Shekarar da na yi ritaya abin ya faro. Rayuwata duka a ofis na yi ta ina buga takardun wasu, daga tafireta har aka kawo kwamfuta, kuma ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba, ni dai in danna ta rubuta. Da na zauna a gida sai zaman ya ishe ni, na fara neman rigima da kowa, har babanku ya ce in nemi abin yi kafin in kore shi daga gidansa. Akwai wani shago a nan unguwarmu Daɗin Kowa inda ake koyar da kwamfuta, mai shi Oga Emeka, mutumin kudu ne amma a Jos ya girma. Na je na ce ina so in koyi yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin da suke kira furogiram. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ko dai buga takarda nake nufi. Na ce masa ina buga takarda tun bai san ya ake ɗaura wando ba. Ya yi dariya ya ba ni kujera a tsakiyar samari da 'yan mata sa'annin 'ya'yana. Hausarsa irin ta 'yan kasuwar Jos ce, kowa namiji ne a bakinsa, ni ma "Mama, ka zo" yake ce mini. Da fari abin na ba ni haushi, daga baya na saba.

Da muka ɗan yi nisa a Python, harshen da yake koya mana, sai ya ce kowa ya zaɓi aikin da zai yi da hannunsa. Ni na zaɓi akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Tsohon firij ɗinmu da ya mutu aka gyara, aka sa masa hita da 'yar fanka da ma'aunin zafi, aka haɗa su da wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, batirin sola yana ba su wuta. Aikin furogiram ɗina guda ne. Ya tambayi ma'auni nawa zafin yake, in ya yi ƙasa ya kunna hita, in ya yi sama ya kashe, ya sake tambaya, haka dai ba tsayawa. Ranar da ya fara aiki na yi ta kiran mutane su zo su gani. Washegari na shiga na tarar allo cike da jan rubutu, furogiram ya mutu, hita kuwa a kunne tun da babu mai ce masa ya tsaya. Ƙwan gwaji na kasuwa da na zuba sun kusa dahuwa. Na ɗauki kwamfutar na tafi shago ina huci, na ce wa Oga Emeka jiya lafiya lau, ban taɓa komai ba, me ya sa yau zai ci mini mutunci.

Oga Emeka ya ce rubutuna ba shi da laifi. Ya ce kuskure iri biyu ne. Akwai wanda ka yi wajen rubutu, wannan tun kafin a fara aiki kwamfuta za ta ƙi. Akwai kuma wanda ke tasowa ana tsakiyar aiki, saboda duniya ba ta zo yadda ka zata ba. Ka ce a ba ka lamba, ma'auni ya ba ka shirme saboda danshi ya taɓa wayarsa, furogiram ya rasa yadda zai yi, sai ya faɗi. Ya koya mini kada in tsorata da jan rubutu, in fara karanta shi daga layin ƙarshe, nan yake faɗin abin da ya same shi. Sannan ya nuna mana kalmomi biyu. A ƙarƙashin try kake sa aikin da kake tsoron zai iya ɓaci, a ƙarƙashin except kuma kake rubuta abin da za a yi idan ya ɓacin. Yaran ajin nan, da yake kansu na ja kuma ba sa son wahala, nan da nan suka gano gajeriyar hanya. Su zuba furogiram duka a ƙarƙashin try, a ƙarƙashin except su rubuta pass, wato a wuce kawai kada a ce komai. Shi ke nan jan rubutu ya ɓace har abada. Ɗaya daga cikinsu ya yi wa nawa haka don ya burge ni, kuma wallahi na ji daɗi. Oga Emeka ya zo ya zare wayar ma'aunin gaba ɗaya ya ɗaga ta sama. Allo bai motsa ba, yana nan yana nuna lambar da ya gani ta ƙarshe.

"Mama, ka gani? Waya na hannuna, amma shi yana ce komai lafiya. Wanda ya faɗi ya yi ihu, za ka iya taimaka masa. Wannan ƙarya yana yi maka."

Na goge pass ɗin nan a gabansa. Na zauna na tsara nawa da kaina. Idan ma'auni ya ba da shirme, a ɗan jira a sake tambaya, a aiko mini da saƙo a waya cewa an yi tuntuɓe amma an tashi. Idan kuwa ya yi shiru gaba ɗaya, an tambaya an sake tambaya babu amsa, to a kashe hita, a aiko mini da saƙo na biyu, furogiram ya tsaya cak sai na zo. Dalilina shi ne zafi na kashe ƙwai nan take, sanyi kuwa yana ba ka ɗan lokaci. Na san da hannuna na ɗaure kaina, domin in ya tsaya babu mai tayar da shi a gidan nan sai ni. A lokacin ban ga abin damuwa a ciki ba, ƙwan kasuwa ne.

Sai ga maganar Ladi. Ku manya kun san ta, amma saboda jikoki zan faɗa. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, Kirista ce 'yar asalin nan Filato. Ita ta riƙe mini ku lokacin da na kwanta asibiti, kuma a shekarun da gari ya yi ta rikicewa, in an ji hayaniya ita ce mai fara buga mini ƙofa ta ce mu shigo. Mijinta Pam kiwon kaji ne rayuwarsa. Shekara da shekaru yana haɗa wannan zakara da waccan kaza har ya sami irin nasa na kansa, manya, masu jure sanyin Jos, wasu wuyansu ja babu gashi. Ya rasu a farkon daminar shekarar. Allah bai ba su haihuwa ba. Ana gama zaman makoki 'yan'uwansa suka zo da mota suka kwashe kajin kaf, har da kwanukan ruwansu, wai kayan ɗan'uwansu ne. Ba na ɗora wa addini ko ƙabila, son zuciya ne, kuma kowace zuriya akwai irinsu. An yi wa mai dami ɗaya sata. Da yamma Ladi ta shigo mini da kwando a lulluɓe da zani, ƙwan da ta tsinta a satin ne, ta ɓoye su a ƙarƙashin gado. Ta ajiye a gabana ta ce babu kazar da za ta kwanta a kansu, ko firij ɗina zai iya. Na ce zai iya. Da ta fita na lissafa, sai na ga bikin Zainabu zai faɗo saura 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe. Amma na riga na amsa.

Damina ta yi ƙarfi, danshi ko'ina, saƙon tuntuɓe ya yi ta shigowa. Ana cin abinci waya ta yi ƙara, ana lissafin kayan ɗaki ta yi ƙara, ni kuma kowane lokaci sai na tashi na leƙa. Gwaggonku Asabe, yayar babanku, wadda ta zo ta karɓi ragamar biki kamar yadda aka saba, ta ce ita ba ta taɓa ganin uwar amarya mai raino irin wannan ba. Babanku mutum ne mai sanyi, bai taɓa hana ni komai ba, amma ana jibi ɗaurin aure ya same ni a ɗakin akwatin. Ya ce ya ji na taɓa ba da labarin wata kalma da ke rufe wa abin baki, in sa masa ita na kwana biyu mana, bayan biki in cire. Na ce masa rufe masa baki ba zai hana wayar ma'auni lalacewa ba, ni kaɗai zai hana sani. Ya ce to ai abin da yake so ke nan, kada in sani, in zauna in aurar da 'yata hankali kwance. Na ce ba zan iya ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba.

A gidan kakanku na Tudun Wada aka yi bikin, domin daga can ake fitar da duk 'yar gidan. Tun da safe Gwaggo Asabe ta karɓe jakata ta jefa cikin kwaba ta ce yau babu waya. Na bar ta, don kada a ce na fara. Ina zaune a ƙuryar ɗaki cikin leshi, hannu da ƙafa sun sha lalle, mata na shiga suna fita ana Allah ya sanya alheri, ni kuwa rabin hankalina na cikin kwaba. Ladi na tsakar gida tun asuba a kan manyan tukwane, da baƙin zaninta na takaba, ta ce ba za ta zauna a gida ana aurar da Zainabu ba. Ruwa ya tsuge tun hantsi bai ɗauke ba, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Sai da na idar da sallar la'asar ɗakin ya ɗan yi sauƙi, na buɗe kwaba na zaro wayar. Saƙo ɗaya ne. Ba na tuntuɓe ba ne, na biyun ne, wanda bai taɓa zuwa ba. Ma'auni ya yi shiru, an kashe hita, an tsaya. Na duba lokacin da ya shigo, tun kafin azahar. An ce kafin magariba motocin ango za su iso, a kawo mini Zainabu ta durƙusa ta nemi gafara in sa mata albarka, sannan a tafi da ita.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Ku maza kun tafi da motoci wajen dangin ango, kuma ko kuna nan babu wanda ya taɓa zama ya ga yadda abin yake, dariya kuke yi mini. Na kira Oga Emeka, wayarsa a kashe. Na fita ta ƙofar baya na yafito Ladi, na nuna mata. Ba ta iya karanta irin wannan ba, amma ta karanta fuskata. Ta goge hannu a zani, ta ce:

"Maman Zainabu, kada ki je. Ƙwai ne kawai. Ki zauna ki sallami 'yarki."

Da ta yi kuka ko ta roƙe ni, wataƙila da na iya zama. Amma ta faɗa tana murmushi, kuma na san matar nan ba ta da sauran komai na Pam a duniya sai abin da ke cikin firij ɗina. Ni ce na ce mata zai iya. Na ce mata ta ɗauko mayafinta, yanzu za mu je mu dawo, wayar ma'auni ce kawai ta zare. Har ga Allah haka na zata. Ban gaya wa kowa ba, domin na san in Gwaggo Asabe ta ji, sai dai in bi ta kanta in wuce.

Da ƙyar muka sami keke mai ƙafa uku. Ruwa ya cika hanya, motoci sun cushe, mai keken yana ta kutsawa yana faɗa da kowa, mu kuma labulen gefe bai hana mu jiƙewa ba. A haka muka isa. Na buɗe akwatin na ɗora bayan hannuna a kan ƙwai, ɗumin ya kusa ƙarewa, kamar kwanon da aka daɗe da cinye tuwonsa. Na ce wa Ladi ta dafa ruwa ta cika robobi ta naɗe su da tawul ta jera a ƙasa. Na bi wayar ma'auni, sai na ga ba zarewa ta yi ba, ɓera ne ya gutsure ta har gindin ma'aunin, babu abin da za a ɗaura. Allah ya sa ina da wani sabo a ajiye. Na durƙusa da leshina a kan siminti na haɗa shi, wayata kuwa ta fara ruri a jaka, Gwaggo Asabe ce. Ban ɗauka ba. Na tayar da furogiram, na ce bismillah.

Jan rubutu ya cika allo. Na ce na shiga uku. Wannan ba ya cikin waɗanda na yi wa tanadi, ban taɓa ganin irinsa ba, furogiram ya faɗi tun kafin ya kai ga try ɗina. Na sake tayarwa, ya sake faɗuwa. Wayata ta katse ta sake ruri. Ladi na tsaye a kaina da roba a hannu tana tambaya ko ya gyaru, na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba a zamanmu. Zuciyata ta ce in kunna hita kai tsaye in bar shi in gudu Tudun Wada, amma na san kafin in dawo sun dahu. Na cire tabarau na goge na mayar, na sa yatsa a layin ƙarshe na karanta kalma kalma kamar 'yar aji ɗaya. Cewa yake ya nemi wani abu mai wata doguwar lamba bai same shi ba. Na daɗe ina kallon lambar kafin in gane ta tsohon ma'aunin ce. Ashe kowane ma'auni da lambarsa, ni kuwa tun farko ta wancan na rubuta a ciki, shi yake ta kira, wanda ɓera ya cinye. Sai da na lalubo lambar sabon, na kwafe ta, na yi kuskure, na sake. Da na tayar a karo na gaba allo ya nuna zafi, ƙasa sosai, na ji hita ya yi ɗan ƙara ya kama. A daidai nan aka kira sallar magariba a masallacin unguwa, waya ta sake ruri, na ga babanku ne.

"Kina ina?"

Na faɗa masa. Ina jin guɗa da hon ɗin motoci a bayansa, ya ce:

"An kawo ta ɗakinki ba kya nan. Ta jira. Yanzu an fito da ita."

Na ce ya ba ta wayar don Allah. Na ji ya yi tafiya, na ji ya kira sunanta, na ji kukanta kusa. Sannan ya dawo ya ce mini ta ƙi karɓa.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ladi ta durƙusa tana ba ni haƙuri, tana cewa ita ta jawo, na ce ba ita ba ce. Da muka koma Tudun Wada gida ya watse, Gwaggo Asabe ta wanke ni tas a gaban sauran baƙi. Har ta koma ga Allah ba ta daina ba da labarin ba, kuma daga bakinta kuka ɗauka. Zainabu ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, tarbiyyarta ba ta kai nan ba. Tana gaishe ni, tana yi mini aike, ranar sallah tana zuwa. Amma hirar da muke yi a kicin da, tana ba ni labarin komai har abin da ban tambaya ba, wannan ta tafi ba ta dawo ba. Na je har gidanta a Rayfield na ce zan yi mata bayani, ta ce Umma ai ya wuce, ta tashi ta kawo mini lemo. Da ta haihu, Ladi ta aika mata kaji biyu da ransu don a yi wa mai jego farfesu. Zainabu ta sa direba ya mayar, wai ba ta cin kaza kwanan nan. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ban gaya wa Ladi gaskiyar dalili ba, ko da yake ta sani.

Ba na cewa ki daina jin zafi, Zainabu. Kin durƙusa a ɗakin da babu uwarki, mata na kallo, kuma babu abin da zan rubuta da zai mayar da ni kan tabarmar nan. In aka ce in zaɓa yau, ban san me zan yi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Amma a duk shekarun nan akwai tambaya ɗaya da ba ki taɓa yi mini ba, ke da 'yan'uwanki duka, ko ƙwan sun ƙyanƙyashe.

Sun yi jinkiri har muka fid da rai. Ranar da ya kamata ta wuce shiru, Ladi ta ce in kashe abin in huta. Washegari da hantsi ina shara na ji ƙaramin kuka daga ɗakin. Na ƙwala mata kira ta kan katanga, ta shigo babu takalmi. Ba duka ba ne, kusan rabi sanyin ya kashe su a cikin ɓawo. Sauran suna ta fasowa, jiƙaƙƙu, suna tangaɗi. Ladi ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ta juya shi ta ga wuyan ja babu gashi. Ta zauna a kan simintin nan ta rungume shi a ƙirji, ta kira sunan mijinta a hankali, ta ce masa ba su kwashe duka ba.